Kyanwar Farisa ko ta Siyam: Ku Dubi Gidanku Kafin Ku Zaɓa

Ƙannena maza da mata, kiwon kyanwa 'yar waje ya shigo gari. A da mage da ƙafarta take zuwa gida, ta leƙo ta rariya, a zuba mata ƙayar kifi, in ta ga wurin ya yi mata ta zauna. Yanzu a waya kuke fara ganinta, a Instagram ko TikTok, an wanke ta an taje, an ɗaura mata 'yar ƙararrawa a wuya, sai yaro ya kwana yana lissafin yadda zai tara kuɗinta. Ban ga laifin wannan sha'awa ba. Gidan da yara suka tashi da dabba a gabansu, suna ba ta abinci, suna lura da lafiyarta, gida ne da ake koyon tausayi tun da wuri. Abin da ke damuna shi ne yadda ake zaɓen. Cikin irin da ake tallatawa, biyu nake so mu zauna a kansu: kyanwar Farisa mai gashi buzu-buzu da shafaffiyar fuska, da kyanwar Siyam, siririya mai shuɗin ido da duhun kunne. Yawancinku da ido kuke zaɓa, alhali gidan da za ta zauna ne ya kamata ya yanke hukunci.

Bari mu fara da ta Farisa, tunda ita ta fi tafiya da hankalinku. Tarihi ya nuna wani matafiyi ɗan Italiya, Pietro della Valle, ya kai kyanwoyi masu dogon gashi Turai daga yankin Khurasan na ƙasar Iran wajen shekarar 1620. A 1871 aka baje su a bikin nunin kyanwoyi na farko da aka yi a Crystal Palace a Landan, daga nan masu kiwo a Ingila da Amurka suka riƙa zaɓen masu gashi mafi yawa da fuska mafi faɗi suna haɗa su. Hancin nan da ya shige ciki har ya kusa daidaita da idanu, wanda kuke cewa shi ne kyanta, aikin masu kiwo ne na tsakiyar ƙarni na 20. Wato kyanwar da kuke gani a hoto an gina ta ne a ƙasashen sanyi, don zaman falo mai sanyi.

To ku kawo ta Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai a watan Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi kan haura 40, ga kwanon rufi ya ɗauki rana, ga wuta an ɗauke. Kyanwa ba ta gumi kamar mutum, sai ɗan abin da ke fita ta tafin ƙafarta. Lasar jiki take yi yawun ya bushe ya sanyaya ta, in abin ya tsananta ta buɗe baki tana haki. Ita kuwa ta Farisa ga bargo a jikinta rufi biyu, ga ƙofar hanci ƙanana, ga hanyar numfashi a matse. Za ku gan ta ta bar kujera ta je ta shimfiɗe ciki a kan tayil ɗin banɗaki, ko ta lafe a gindin randa inda ƙasa ke da danshi. Idan har kuka ga bakinta a buɗe, harshe a waje, yawu na dalala, to wannan ba hutu take yi ba, rai ne a hannun Allah. A kai ta inuwa, a jiƙa jikinta da ruwan randa, ban da ruwan ƙanƙara, a sa mata fanka, a nufi likitan dabbobi. Wasu kan yi mata aski su bar gashi a kai da jela kawai. Askin yana rage wahala in ba a kai shi har fata ba, amma ba ya buɗe hanci. Duk gidan da ba shi da ɗaki guda mai sanyi a bazara, ko da wuta ko babu, bai shirya karɓar wannan kyanwa ba.

Sai batun gashi, wanda shi ne aikin kullum. Kyanwar Farisa ba ta iya gyara gashinta ita kaɗai. Kowace rana sai an ɗora ta a cinya an ɗauko mataji mai haƙoran ƙarfe, a fara daga wuya a gangara, a ɗaga hannunta a taje hammata, a bi bayan kunne, a bi ƙasan ciki da cinyoyi, don a nan gashin ke fara dunƙulewa. In aka yi sakaci na kwana uku ko huɗu, sai ku ji wani curi a ƙarƙashin yatsa, ya manne da fata yana jan ta duk lokacin da ta motsa. A ƙarƙashin curin ne ƙuma ke ɓuya, fata ta yi ja, wani lokaci ta yi gyambo. Kada a sa almakashi a makance, domin fatar kyanwa sirara ce, tana biyo gashi, mutane da yawa sun yanki dabbarsu a haka. Gashin da ke ƙarƙashin jela kuma yana kwasar kashi, sai an riƙa rage shi ana gogewa. Gashin da ta haɗiya wurin lasa yana taruwa a ciki ta amayar da shi a tsakar ɗaki. Irin wannan gashi ya fi saurin riƙe cutar fata irin ta makero, mai zagaye tana zubar da gashi, kuma tana kama yaran da ke rungumar kyanwar.

Idanunta ma suna da nasu aikin. Saboda fuskar ta shafe, hanyar da hawaye ke bi ya sauka cikin hanci ta lanƙwashe, sai hawayen ya riƙa gangarowa a kunci yana barin layi ja-ja mai duhu a kan farin gashi. Safe da yamma sai an sa auduga da ruwa mai tsabta an goge. Ku tuna da ƙurar hunturu, ku ga yadda aikin zai ninku.

Akwai kuma abin da ba a gani a hoto, shi ne ciwon ƙoda na gado. Wasu 'yan jakunkunan ruwa ne ke tsirowa a cikin ƙodar tun tana jaririya, suna girma a hankali har su danne naman ƙodar. Binciken da aka yi a ƙasashe da dama ya samu ciwon a jikin fiye da kashi ɗaya cikin uku na kyanwoyin Farisa, kafin masu kiwo na can su fara tantance iyaye. A 2004 aka gano ƙwayar halittar da ke haddasa shi. Uwa ko uba ɗaya ya isa ya gadar da shi, kuma kowane ɗa yana tsakanin samu da tsira rabi da rabi. Sau da yawa ba ya nuna kansa sai kyanwa ta kai wajen shekara 7, ta fara yawan shan ruwa da yawan fitsari, tana ramewa. Ba shi da maganin warkewa, sai lallaɓawa. Ana iya ganinsa da hoton sikanin ko gwajin jini na gado, don haka kuna da haƙƙin tambayar mai sayarwa ko an duba iyayen. In ya yi muku kallon bai san zancen ba, kun samu amsa.

Kada ku ɗauka na tsane ta. Kyanwar Farisa tana da halin da ba kowace ke da shi ba. Mai sanyin rai ce, muryarta ƙasa-ƙasa, ba ta cika hawa labule ko tsalle kan firji ba, ta fi son ta kwanta kusa da mutum ya riƙa shafa ta. Ga dattijuwar da ke zaune a ɗaki mai sanyi, tana da lokaci da haƙurin taje gashi, ban san abokiyar zama da ta fi ta ba. Sai dai wannan sanyin halin ne ke sa ta wahala a gidan yara ƙanana, domin ba ta da zafin naman tserewa, sai a yi ta ɗaukarta kamar 'yartsana ana jan gashinta, ita kuma ta koma ƙarƙashin gado ta ƙi cin abinci.

Ta Siyam kuwa daga ƙasar zafi ta fito, wato Tailan, wadda ake kira Siyam har zuwa 1939. Tsofaffin littattafan ƙasar na zamanin daular Ayutthaya sun zana ta cikin kyanwoyin da ake ganin suna kawo alheri. A 1878 ƙaramin jakadan Amurka a Bankok ya aika wa matar Shugaba Rutherford Hayes guda ɗaya, a 1884 kuma wani jami'in jakadancin Birtaniya ya kai mace da namiji Ingila. Gashinta gajere ne, kwance luf a jiki, taje shi sau ɗaya a mako ya wadatar. Hancinta dogo ne, numfashi ba ya yi mata wuya. Launinta ma zafi ne ke juya shi: farare ake haihuwarsu, sannan duhu ya riƙa bayyana a sassan jiki da suka fi sanyi, kunne da fuska da ƙafafu da jela. Shi ya sa wadda ta tashi a garuruwanmu takan fi haske a kan wadda kuka gani a hoton Turai, kada ku ce an cuce ku. Ta fuskar yanayi dai, ita ce ta dace da mu, babu ja.

Amma ta Siyam ba ta san shiru ba. Tana da murya mai kauri, mai kama da kukan jariri, kuma da ita take neman duk abin da take so. Za ta bi ku kicin tana magana, ku shiga wanka ta tsaya a bakin ƙofa tana kira, ku buɗe littafi ta zo ta zauna a kan shafin tana kallon idonku. Tana koyon buɗe ƙofa da durowa, tana hawa saman kwaba, tana ɗauko abin da aka jefa mata ta dawo da shi. In mace ce ta shiga lokacin neman muzuru, kukanta na dare zai kai gidan maƙwabta. Idan aka kulle ta ita kaɗai daga safe zuwa magariba, takan shiga damuwa, ta riƙa tauna zane ko bargo, ko ta lashe gashinta har ya zube. Gidan da kowa ke fita aiki da makaranta a bar shi wayam bai dace da ita ba. Gidan da ke cike da jama'a, yara suna shiga suna fita, akwai mai jefa mata ƙwallon takarda, nan ne take sakewa.

Abu guda da nake so ku auna sosai kafin ku kawo ta shi ne sauran dabbobin gidan. Da yawa daga cikin gidajenmu akwai 'yan tsaki a tsakar gida, ko ɗakin tattabarun yayanku a saman soro. Kyanwar Siyam mafarauciya ce mai zafin nama, katanga ba ta tare ta. Rana ɗaya za ta iya jawo rigimar da za a daɗe ana sasantawa, tsakaninku da 'yan'uwa ko da maƙwabci. Ita ma tana da nata cututtukan gado, irin su asma da lalacewar gani a hankali da matsalar haƙora, don haka kada a ɗauka ba ta buƙatar likita.

In kun ce lallai sai na zaɓa muku, ga hukuncina. A gida irin namu na yau da kullum, mai yara da zafi da wutar da ba ta da tabbas, ta Siyam ta fi ta Farisa dacewa, muddin babu tsuntsaye a sake kuma mutanen gidan za su jure surutunta. Wanda zuciyarsa ta kafe a kan ta Farisa, to ya nemi mai fuska irin ta da, wadda hancinta ya fito sosai, ya bar mai shafaffiyar fuska ko da ita ake yayi. Duk sanda kuka biya kuɗi mai yawa don hancin da ya fi shigewa, kuna ƙara wa masu kiwo ƙwarin gwiwar haifar da dabbar da za ta yi rayuwarta tana kokawa da numfashi.

Kafin duk wannan, ku zauna da Mama. Kyanwar da ake kula da ita takan yi shekara 12 zuwa 15, wasu su haura. Ke da kike aji huɗu na sakandare yau, kafin kyanwar ta tsufa kin gama jami'a, wataƙila kina ɗakinki da 'ya'ya. Kai da za ka koma makarantar kwana bayan hutu, wa zai taje gashin, wa zai kwashe yashin da ta yi kashi a ciki? A gidaje da yawa wahalar kan koma kan uwa ko 'yar aiki, waɗanda ba a shawarce su ba tun farko. Ku tambayi Baba ma ko aljihunsa zai ɗauka, domin abincin kyanwa na leda daga waje ake shigo da yawancinsa, farashinsa dala yake bi. In akwai mai asma a gidan, ko wanda ke atishawa da ƙaiƙayin ido in ya kusanci mage, a gwada kai shi inda kyanwar take tukuna. In akwai mai juna biyu, kada ta taɓa kwashe kashin, domin akwai ƙwayar cuta a cikinsa da kan iya cutar da ɗan da ke ciki. Wani ya ɗauke mata, kullum, ya wanke hannu da sabulu.

Addininmu bai ɗauki wannan da wasa ba. Kun san hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci da kanta ba. Magen gida in kun manta da ita za ta haura katanga ta nemi ɓera. Wadda kuka kulle a ɗaki saboda tsadarta ba ta da kowa sai ku, yunwarta da ƙishinta da zafin da take sha duk suna wuyanku. Game da cinikinta kuma, akwai hadisin Jabir a Sahihu Muslim da ya yi hani ga kuɗin kyanwa. Mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun halatta sayar da wadda ake amfana da ita, wasu malamai kuma sun tsaya a kan hanin. Ku tambayi malaminku, kada ku ɗauki fatawa daga bakin mai talla.

In an amince a gida, to kada ku yi cinikin biri a sama. Ban yarda ku tura kuɗi saboda bidiyo ba. Ku taka ku je, ku ga uwar, ku ga inda suke kwana, ku shaƙi warin wurin. Ku ɗaga 'yar kyanwar ku duba: ido garau ba kwantsa, hanci ba majina, cikin kunne ba baƙin datti, ƙarƙashin jela a bushe, ciki bai kumbura ba. Ku buɗa gashin bayanta ku ga ko akwai baƙin ɗigo-ɗigo na kashin ƙuma. Ku saurari numfashinta, in kuna jin minshari ko shaƙa alhali tana zaune, ku ajiye ta. Kada ku karɓi wadda ba ta kai wajen mako 12 ba, domin a wurin uwa take koyon amfani da yashi da wasa ba tare da cizo ba, masu gaggawar kuɗi ne ke raba su tun suna wata ɗaya. Ku nemi katin rigakafi mai sa hannun likita. Da yawa daga cikin waɗanda ake sayarwa da sunan Farisa ko Siyam ruwa biyu ne. Wannan ba aibi ba ne ga lafiyarsu, sau da yawa ma sun fi ƙwari, amma kada a karɓi kuɗin tsantsa a hannunku.

Kowacce kuka ɗauka, kyanwa maciyiyar nama ce. Tuwo da shinkafa ba sa riƙe ta, akwai sinadarin da jikinta ke buƙata wanda sai a nama da kifi ake samu, rashinsa yana taɓa zuciya da ido. Dafaffen kifi da aka cire wa ƙaya, da naman kaza, da ƙwai dafaffe, suna taimakawa tare da abincinta na musamman. Kada a zuba mata miyarmu, albasa da tafarnuwa suna lalata mata jini. Madarar shanu tana sa yawancinsu zawo. Abin da na fi roƙonku a kai shi ne magani: kada wanda ya ba kyanwa farasitamol, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta, hantarta ba ta iya sarrafa shi. Kada a shafa mata maganin kaska na karnuka. In za a yi feshin maganin sauro ko a zuba fiya-fiya, a fitar da ita sai ɗakin ya sha iska. Gidan da ya kawo kyanwa kuma ya yi sallama da shinkafar ɓera, domin ɓeran da ya ci guba ya fi sauƙin kamawa, ita kuma ta ci shi.

Ku san likitan dabbobi tun kafin ranar buƙata. Akwai asibitocin dabbobi na gwamnati a manyan biranen jihohi, akwai na koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato da Jami'ar Maiduguri. A yi mata allurar rigakafin cutar haukan kare, domin kyanwa ma tana ɗauka tana kuma yaɗawa, cutar kuwa in ta bayyana a jikin mutum kusan babu tsira. Idan wata mage da ba ku sani ba ta ciji yaro ko ta yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a wuce asibiti a ranar. A riƙa ba ta maganin tsutsar ciki a kan lokaci. Ku kuma yi shawara da likita kan haihuwa, domin mace tana iya ɗaukar ciki tun tana wata biyar ko shida, cikin nata mako tara ne kawai, kuma tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara. Ta Farisa ma takan sha wuyar naƙuda saboda girman kan 'ya'yan.

Idan kun auna duk wannan kuka ga gidanku bai shirya wa ko ɗaya cikin biyun ba, kada ku ji kunya. Magen unguwarmu, mai zane-zane ko mai ja da fari, jininta ya saba da zafinmu da ƙurarmu, tana gyara gashinta da kanta, kuma in aka ɗauke ta tun tana ƙarama aka yi mata rigakafi aka ciyar da ita da kyau, tana shaƙuwa da mutum kamar kowace 'yar waje. A kusan kowace unguwa akwai gidan da mage ta haihu ana neman mai so. Ku fara da ita, ku riƙe ta shekara guda cur ba tare da Mama ta tuna muku abincinta ba, sannan ku dawo mu yi maganar ta Siyam.